Daga Allo Zuwa Alli: Tarihin Koyar da Turanci a Ƙasar Hausa

Ranar 7 ga Oktoba, 1960, Najeriya ba ta ko cika mako guda da samun mulkin kai ba, Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya da ke New York, ya karɓi kujerar ƙasarsa, wadda ta zama ta 99 a jerin ƙasashen majalisar. Da Ingilishi ya yi jawabinsa. Murya mai kauri, magana a tsanake, kowane harafi an ba shi haƙƙinsa kamar yadda alaramma ke yi wa tilawa. Irin wannan lafazi ne ya jawo masa laƙabin mai muryar zinariya.

Mai wannan jawabi an haife shi a ƙasar Bauchi a 1912, kuma da allo da tawada ya fara karatu. A shekarar da aka haife shi, makarantun gwamnati da ke Arewa ba su taka kara sun karya ba, waɗanda ke akwai ɗin ma da Hausa suke koyarwa. Yadda ɗan ƙauyen Tafawa Ɓalewa ya kai ga wannan Turanci, da yadda jikokin tsararsa miliyoyi ke fama da shi a yau, labari ɗaya ne mai tsawon fiye da shekara ɗari.

Turawan da suka riƙe harshensu

Lokacin da sojojin Lugga suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sun tarar da ƙasa mai alƙalami. Alƙalai na rubuta hukunci da Larabci, sarakuna na aika wa juna wasiƙu, malamai na tsara waƙoƙin wa'azi da ajami. Ƙidayar da Turawan suka yi wajen 1914 ta nuna makarantun allo kimanin 25,000, da almajirai sama da 200,000. Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addini ba, kuma ya tsara mulkinsa ta hannunsu. Akwai kuma wani abu da ke cin ran jami'ansa: sun ga 'yan bokon Legas da Saliyo, lauyoyi da 'yan jarida, suna sukar gwamnati da harshenta a shafukan jaridu. Ba su so a samu irinsu a Arewa.

Saboda haka suka juya abin. Maimakon talaka ya koyi Turanci, Bature ne zai koyi Hausa. Di'o da Razdan sai sun ci jarrabawar harshe kafin su ci gaba a aiki. A bariki ma da wata gurguwar Hausa, wadda ake kira Barikanci, hafsa ke ba soja umarni. Inda magana ta gagara, sai a nemo tafinta, kalmar da ita kanta daga bakin Bature Bahaushe ya are ta. Aikin ofis kuwa, da rubutun takardu da lissafin kamfanoni, ya koma hannun mutanen Kudu da Gwalkwas da Saliyo. Sunan aikin ma ya nuna asalin masu yin sa, domin akawu daga Yarabanci ya shigo. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, waɗannan ma'aikata suka ƙaru, aka ware musu Sabon Gari a bayan ganuwa. Turanci ya zama harshen baƙi biyu, mai mulki da mai yi masa rubutu.

Ƙofa ɗaya da ta so buɗewa da wuri ita ce ta 'yan mishan. A 1900 Likita Walter Miller ya shiga Kano tare da ayarin Bishop Tugwell, amma Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. A 1905 Miller ya sami wurin zama a birnin Zariya, ya buɗe asibiti da makaranta, kafin a mai da su Wusasa a 1929. Wannan ɗan ƙaramin wuri ya fitar da manyan mutane, irin su Dakta R.A.B. Dikko, likita na farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu. Sai dai iyaye Musulmi sun ga makarantar da wa'azin a ƙwarya ɗaya suka zo, suka ja da baya. Tun daga nan Turanci ya ɗauki wani tambari a zukatan jama'a wanda ya daɗe bai goge ba.

Makarantar gwamnati ta bi wata hanya daban. Hanns Vischer, haifaffen Basel ta ƙasar Suwizalan, wanda ya ratsa Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, ya iya Hausa har Kanawa suka sa masa suna Ɗan Hausa. A 1909 ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, da ajin malamai, da na 'ya'yan sarakuna, da na sana'a. Da Hausa ake koyar da lissafi da labarin ƙasa da kiwon lafiya, amma da baƙaƙen Turawa ake rubuta ta, kuma a 1912 ya fitar da ƙa'idojin wannan rubutu. Ga ɗaliban farko, karatun boko na nufin Hausa a sabon rubutu. Turanci abu ne na can gaba, na 'yan ƙalilan.

Katsina: kaɗan, amma mai kyau

'Yan ƙalilan ɗin nan a Katsina aka tara su. Kwalejin Horon Malamai ta karɓi ɗalibanta na farko a 1921, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, kuma Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance ranar 5 ga Maris, 1922. Ginin ƙasa ne irin na gargajiya, karatun shekara biyar ne, manufar kuma ita ce samar da malaman makarantun larduna. Kowane ɗalibi ana ba shi lamba, kuma lambobin sun isa su nuna ƙanƙantar abin. Ahmadu Raɓah, wato Ahmadu Bello, wanda ya shiga a 1926, shi ne na 87. Abubakar Bauchi, wato Tafawa Ɓalewa, wanda ya shiga a 1928, shi ne na 145. Wato cikin shekara takwas, duk faɗin Arewa daga Sakkwato zuwa Barno, daga Katsina zuwa Ilorin, waɗanda suka taka wannan mataki kimanin 150 ne kacal.

Ƙarancin ya zo da wata riba. Yawancin malaman Turawan Ingila ne, masu digiri, ajin kuma ƙarami ne, malami na jin bakin kowane yaro. An ba furuci muhimmanci ƙwarai, kuma akwai aiki a wurin. Bahaushe ba ya rarrabe p da f, shi ya sa abin rubutun nan ya zama fensir. Ba shi da v, ga shi kuma ba ya son baƙaƙe su cunkushe babu wasali a tsakani, shi ya sa matuƙin mota ya zama direba, aka kuma sami burodi da sukurudireba. Sautin da Bature ke yi da harshe tsakanin haƙora yakan koma s ko z a bakinsa. Wasulan Hausa biyar ne, na Ingilishi kuwa sun kusa ashirin. Amma Bahaushe ya zo da nasa jarin. Ya saba rarrabe dogon wasali da gajere, tunda a harshensa ma'ana kan canja saboda su, ga shi kuma ya fito daga gaban malamin allo wanda ba ya barin harafi ya wuce ba a gyara mafitarsa ba. Shekaru da yawa bayan haka, Farfesa Munzali Jibril, a binciken digirinsa na uku a Jami'ar Lancaster a 1982, ya nazarci bambancin furucin Ingilishi tsakanin 'yan Najeriya, ya kuma danganta kamannin Turancin tsofaffin 'yan bokon Arewa da na Ingila da irin malaman da suka koyar da su.

Tsanin da waɗannan yara suka hau yana da matakai a jere. Da farko allo. Sannan elementare, shekara huɗu ana karatu da rubutu da lissafi da Hausa. Sannan midil, wadda aka tsara bayan haɗe ma'aikatun ilmi na Arewa da Kudu a 1929 ƙarƙashin E.R.J. Hussey, inda Turanci ke shigowa sosai har ya zama harshen koyarwa. Daga nan wanda ya yi zarra ya wuce kwaleji. Yaro bai gamu da baƙon harshe ba sai ya riga ya san mene ne karatu, ya iya ɗaukar takarda ya fahimci abin da ke ciki.

Sakamakon ya fito fili cikin 'yan shekaru. Ahmadu Bello ya gama a 1931 ya koma koyarwa a Midil ta Sakkwato, Abubakar Imam ya gama a 1932 ya kama koyar da Turanci a Midil ta Katsina, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933 ya koma Midil ta Bauchi. A 1933 ɗin ne Dakta Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya zaga yana neman masu rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Cikin littattafai biyar da aka buga daga wannan gasa akwai Ruwan Bagaja na Imam, da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda shi ma malami ne a kwalejin. Imam ya ci gaba ya rubuta Magana Jari Ce, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Janairun 1939. Mutanen da suka fi kowa iya Turanci a Arewa su ne suka aza harsashin adabin Hausa na boko. Harsunan biyu a bakinsu ba kishiyoyi ba ne, wa da ƙane ne.

Littattafan da suka shigo azuzuwa kuwa nesa suka fito. Michael West, wani malami da ya daɗe yana horon malamai a Dhaka ta yankin Bengal, ya lura cewa yawancin yara na barin makaranta da wuri, don haka abin da zai fi amfanarsu shi ne iya karanta Ingilishi. Sai ya tsara littattafan karatu masu ƙayyadaddun kalmomi, ana sako sabuwar kalma ɗaya cikin tsofaffi da yawa, ana maimaita ta har ta zauna. A 1935 shi da James Endicott suka fitar da ƙamus mai bayyana dubban kalmomi da kalmomi 1,490 kacal. A Japan kuma A.S. Hornby ya haɗa ƙamus na musamman don mai koyo, wanda aka fara bugawa a Tokyo a 1942, kamfanin Oxford ya sake buga shi a 1948. Waɗannan ayyuka sun bazu a ƙasashen da Ingila ke mulka, har sunan Michael West ya zama kamar sunan ƙamus a bakin ɗaliban Najeriya.

Wasu ƙananan ƙofofi sun buɗe a gefe. A 1930 aka fara makarantun 'yan mata a Kano da Katsina, da goyon bayan sarakunan garuruwan biyu. Makarantar Shari'a ta Kano, wadda aka kafa a 1934 da malamai daga Sudan, ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947, aka haɗa wa ɗalibanta Ingilishi da Larabci. Daga cikin waɗanda suka ratsa ta akwai Shehu Abubakar Gumi. Sojojin da suka je yaƙin Bama kuma sun dawo da nasu Turancin na fagen daga, suka ƙara wa Hausa ƙarfin kalmomi irin su kofur da samanja.

Ranar biyan bashi

Rowar da aka yi ta Turanci ta zo da farashi, kuma bayan yaƙin duniya na biyu aka kawo takardar bashin. Daga 1947 wakilan Arewa suka fara zama a majalisar dokoki tare da lauyoyin Kudu, inda da Ingilishi ake muhawara a kan makomar ƙasa. Kwalejin jami'a ta Ibadan ta buɗe a 1948, 'yan Arewa a cikinta ana ƙirga su da yatsu. Ko a 1957, makarantun sakandare 18 ne a Arewa, da ɗalibai ƙasa da 4,000, alhali Kudu na da 176 da ɗalibai sama da 28,000.

Abin da Turawan farko suka ji tsoro ma bai fasa aukuwa ba. Sa'adu Zungur, wanda ya wuce Kwalejin Yaba daga Katsina a 1934, da Aminu Kano, wanda ya yi Kwalejin Kaduna sannan ya je Landan, sun mai da Turanci makamin sukar mulkin mallaka da zaluncin En'e. A 1943 Abubakar Imam ya zauna da tsohon Gwamna Lugga a Ingila ya zayyana masa koken Arewa. A 1950 Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudurin gyara tsarin En'e a majalisar Kaduna, abin da ya girgiza fadoji. Ita kuwa kwalejin ta tashi daga Katsina zuwa Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, daga baya ta karɓi sunan Barewa. Shehu Shagari da Maitama Sule da Yakubu Gowon da Murtala Muhammad duk ta nan suka bi.

Gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta ƙuduri aniyar cike ofisoshi da 'yan Arewa, kuma ofis ba ya yiwuwa sai da Turanci. Sai aka shiga sauri. Hukumar adabi ta Arewa, wato NORLA, ta fitar da Hanyar Taɗi da Turanci a 1957, Neil Skinner ya haɗa Ƙamus na Turanci da Hausa. Aka ɗauko malamai daga Indiya da Pakistan, matasan Amurka 'yan sa kai na Peace Corps suka fara isowa a 1961, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962. A wannan tsakanin ne aka rungumi ra'ayin fara koyarwa da Turanci kai tsaye tun daga ƙananan azuzuwa, bisa tunanin cewa wanda ya fara da wuri shi zai fi nisa. Wata al'ada kuma ta yi ƙarfi a makarantun kwana: monita na rubuta sunan duk wanda aka kama yana banakula, wato magana da harshen gida, a ci shi tara ko a ba shi aikin horo. Harshen da Imam ya yi fice da shi ya zama laifi a harabar makaranta.

Ambaliyar 1976

A Satumban 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. An yi tanadin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka zo. Alheri ne babba, domin 'ya'yan manoma da makiyaya da ba su taɓa mafarkin aji ba sun shiga. Amma malami ba ya tsira dare ɗaya kamar ciyawar damina. Aka buɗe kwalejojin horo na gaggawa, aka ɗauki waɗanda ba su gama ƙwarewa ba, aka miƙa musu azuzuwa cike maƙil. Mai koyar da Turanci a ƙauye ya zama mutumin da shi kansa bai taɓa zama da wanda ya ƙware a harshen ba.

Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta yi ƙoƙarin komawa ga tsohon tsani: shekarun farko da harshen uwa ko na yankin, Turanci a matsayin darasi, daga baya kuma a juya. Akwai hujja a bayan haka. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida, ƙwararren malami kuma na koya musu Ingilishi a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a wasu fannonin ma sun wuce su. Sai dai a yawancin makarantun Arewa manufar ta tsaya a takarda, domin littattafan Hausa na lissafi da kimiyya ba su wadata ba, ba a kuma horar da malamai yadda za su yi wannan juyi ba. Abin da ya tabbata a aji shi ne malami ya karanta jimla, yara su amsa baki ɗaya, su kwafe a littafi. Da yawa sukan kai aji shida ba su iya karanta shafi guda da fahimta ba, ko da Turanci ko da Hausa.

A can sama kuwa ƙofar ta ƙara ƙunci. Ba a shiga jami'a sai da kiredit a Ingilishi a jarrabawar WAEC ko NECO, kuma hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta wajabta takardar Turanci ga kowane mai nema, ko likita zai zama ko malamin Larabci. Ɗalibi mai kaifin lissafi kan yi shekara biyu ko uku a gida yana maimaita takarda ɗaya. Daga wannan ƙishirwa ne makarantun kuɗi suka yawaita, iyaye na auna ingancinsu da Turancin da yaro ke zubawa in ya dawo gida. Ajin yamma na koyon Turanci ya bazu a Kano da Kaduna da Zariya, inda ɗan kasuwa da matar aure da mahaddacin Alƙur'ani ke zama benci ɗaya. Darussan rediyo sun biyo baya, yanzu kuma ga na YouTube da WhatsApp, mafi yawansu da Hausa ake bayani.

A tsallaken iyaka labarin ya ɗan bambanta. Ɗan Maraɗi ko Damagaram da Faransanci yake fara boko, sai ya shiga sakandare yake gamuwa da Ingilishi a matsayin harshe na uku ko na huɗu, ko da yake fatauci da Kano da karatu a jami'o'in Najeriya sun sa da yawa na nemansa da kansu. A Maris na 2025 hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki.

A Najeriya kuwa jayayyar da Ɗan Hausa ya fara a Nasarawa ba ta mutu ba. A ƙarshen Nuwamban 2022, a zamanin Minista Adamu Adamu, gwamnatin tarayya ta amince a koyar da yara da harshen uwa duk shekara shida na firamare. A Nuwamban 2025 Minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan manufa, ya ce a koma Ingilishi tun daga ajin farko, yana kafa hujja da faɗuwa a jarrabawa. Masana harshe da dama suka mayar da martani cewa manufar da aka soke ba a ma fara aiwatar da ita sosai ba, tunda ba a buga littattafanta ba, ba a kuma horar da malamanta ba.

Ginin ƙasar nan na tsohuwar kwaleji yana nan a Katsina, an mai da shi gidan tarihi, haka ma Gidan Ɗan Hausa a Kano. A makarantun firamare na garuruwan biyu, da safe bayan an tashi daga taron asambuli, malama takan tsaya gaban yaran da suka ninka ajin su Tafawa Ɓalewa sau da yawa. Takan rubuta jimlar Turanci a allo da alli, ta karanta su maimaita, sannan ta juyo ta dube su, ta fara yi musu bayani da Hausa.